Giɓin Inna da na Takwararta

A gidanmu na Gwiwa, in yaro ya fara famfara, wato haƙoransa na yarinta suka fara zubewa, akwai doka. Da zarar haƙori ya faɗo sai ka damƙe shi a hannu, ka rufe bakinka gam, ka juya wa ɗaki baya ka cilla shi kan rufi. Daga ranar har sabo ya leƙo, ba ka yarda ƙadangare ya ga giɓinka. In ya gani, an ce, haƙorin ya tafi ke nan, ba zai sake fitowa ba. Kowane gida a garin ya san wannan magana, amma a yawancin gidaje abin tsokanar yara ne, a faɗa a yi dariya a wuce. A gidanmu ba a dariya a kanta, saboda Inna.

Inna ita ce mahaifiyata. Bafulatana ce siririya, a ruga ta tashi kafin iyayenta su zauna wuri guda su haɗa kiwo da noma. Sanyin halinta har haushi yake ba ni, don ko akuya ta ci mata shanya, da lallashi take korar ta. Amma in ɗayanmu ya fara famfara sai ta zama wata mace daban. Ta dinga bin mu da ido a tsakar gida ke nan, in ka kuskura ka yi hamma kusa da rumbu, inda ƙadangaru ke shan hantsi, sai dai ka ji tafin hannunta a kan bakinka. Duk mu 'ya'yanta haƙoranmu sun fito cif, ita kuwa ta riƙe wannan a matsayin shaidar cewa tsaronta ya yi aiki.

Ita kanta tana da giɓi biyu a sama, ɗaya a dama ɗaya a hagu, manyan haƙoran gaba biyu suna tsaye a tsakaninsu. Ba kasafai ake ganinsu ba. In dariya ta kama ta sai ta ja gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta kawai za ka ga suna rawa. Ko magana take yi, leɓenta na sama ba ya ɗagawa sosai. Labarin da muka tashi da shi shi ne wata saniya mai faɗa ce ta harbe ta a baki tana tatsa, tun tana yarinya. Da yayanmu ya samu aiki ya ce zai kai ta a sa mata wasu, ta ƙi, ta ce wanda ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Muka ɗauka tana nufin ita ce ta tsuguna ba daidai ba a gindin saniyar. Ban taɓa tambayar komai a kai ba. Wa yake leƙa bakin uwarsa?

Ni ban gado sanyin Inna ba, zuciyata a kusa take, ɗalibaina na Roni inda na fara koyarwa da na Kazaure inda nake yanzu duk za su ba da shaida. A Kazaure na yi aure, a nan na haifi 'yata ta fari, aka sa mata sunan Inna. Kunya biyu ta hau kaina ke nan, ta 'yar fari da ta sunan uwa, don haka har yau bakina bai taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata, ko "'yar nan". Ba na ɗaukarta a gaban mutane, ba na yaba ta, in ta faɗi ba ni ke fara zuwa ba. Haka na ga ana yi, haka na yi. Duk abin da na hana kaina nuna mata, Inna ta nuna mata ninki. Takwara take kiranta, yarinyar kuma tana kiranta Kaka, in suka haɗu su yi ta tsokanar juna kamar sa'o'i.

Yarinyar kuwa akwai baki, akwai dariya. Irin dariyar nan ce da ake jiyowa daga zaure, har maƙwabta su ce yau ma an taɓo ta. Ba ta jin tsoron komai, kuma in ka ce mata kar ta yi abu, ka ba ta aiki.

Manyan haƙoranta na gaba sun faɗi sun fito lafiya a Kazaure, ba wanda ya tuna da wani ƙadangare. Na gefensu ne suka daɗe ba su motsa ba, har sa'o'inta suka gama da nasu. Wani hutun damina muna Gwiwa, tana gaigayar gasasshiyar masara, sai na dama ya fita. Inna tana zaune tana kaɗa nono, ta yi maza ta karanta mata doka: damƙe, rufe baki, cilla kan rufi, kar ƙadangare ya gani. Yarinyar ta cilla haƙorin kamar yadda aka ce. Sai ta waiwaya ta ga wani jan gwada, ƙadangaren nan mai jan kai, a jikin rumbu yana ta gyaɗa kai. Ta ruga gabansa, ta sa yatsu ta ɗage leɓe, ta ce, "To ga shi, kalla da kyau! Me za ka yi?"

Ban ga tashin Inna ba, ƙarar marin kawai na ji. Ƙwaryar nonon ta kife, kaji suka taru a kai. Inna da ba ta taɓa ɗaga mata murya ba ta tsaya a kanta, ta ce, "Kin kashe kanki, Takwara. Kin jawo wa kanki abin da za ki mutu da shi." Yarinyar ba ta yi kuka nan da nan ba, ta dafe kunci tana kallon kakarta kamar ba ta san ta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma uwata ce ta mari 'yata ta fari, ta ina zan fara? Na ɗauke ƙwaryar na wanke, na kori kajin da ƙarfin da ya fi laifinsu. Kafin hutun ya ƙare na hagun ma ya fita, wannan karon ta cilla shi a ɓoye, bakinta a rufe.

Muka koma Kazaure. Aka yi kaka, aka yi rani, wata daminar ta zo ta wuce, wuraren nan biyu suna nan fayau, dasashi sumul babu ko alamar tsini. Da farko ina cewa jinkiri ne, kowane yaro da lokacinsa. Mahaifinta ɗan kasuwar hatsi ne, rabin mako yana Babura, shi kuma duk abin da ya taso maganinsa ɗaya ne, a yi haƙuri. Ya taɓa zuwa da wani ƙullin gari da wani abokin cinikinsa na Nijar ya ba shi, wai a dinga goga mata a dasashi. Muka goga har ya ƙare, ba abin da ya fito sai ɗacin baki.

A makaranta yara suka samu abin yi. Wushirya ado ce, kowa na so, amma giɓi biyu a bakin yarinyar da ta wuce shekarun famfara abin waƙa ne. Suka sa mata suna mai ƙofa biyu. Da farko tana ramawa, har an taɓa kawo mini ƙararta ta yaga wa wata hijabi. Daga baya ta daina ramawa. Ta daina ɗaga hannu a aji. Malamin Islamiyyarsu ya aiko yana tambaya ko lafiya, don yarinyar da ke jan baƙi da murya har waje yanzu sai ya matso kusa kafin ya ji karatunta, kuma ta ce a cire ta daga masu karatu ranar walima. A gida dariyar nan ta ɗauke. In abu ya ba ta dariya sai in ga ta ja gefen hijabi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Ranar da na fara ganin haka gabana ya faɗi, don na san inda na saba ganin wannan.

In an ce za a je Gwiwa sai ta ce cikinta na ciwo. Inna ta yi ta aiko mata da man shanu da gyaɗa, tana tambayar Takwara, Takwara ko gaisuwa ba ta aikawa.

Bayan gidanmu akwai wani faffaɗan dutse, kamar yadda yake a unguwanni da yawa a Kazaure, mata na shanya a kai, ƙadangaru kuma sun mai da shi gidansu. Wata rana da la'asar na zagaya kwaso shanyar kuɓewa, sai na hango ta a tsugune. Ta marmasa ƙosan da na ba ta na makaranta a kan dutsen, ƙadangaru sun kewaye suna tsinta. Tana magana ƙasa-ƙasa. Na matsa a hankali, na ji tana cewa, "Ku gaya masa ya yi haƙuri. Na gidan Kaka, mai jan kai. Wasa nake yi. Ku ce ya dawo mini da su, ko ɗaya ne."

Da ni mai hankali ce da na zauna kusa da ita. Maimakon haka na daka mata tsawa, ƙadangarun suka watse. Na ce wannan wane irin shirme ne, 'yar Musulmi tana roƙon ƙadangare, ƙadangare ne ke ba da haƙori ko Allah? Na yi ta faɗa, ita kuwa kanta a ƙasa. Da na gaji na yi shiru, sai ta ce, "Umma, na sani Allah ne. Amma ni na jawo. Kaka ta ce ni na jawo." Ta faɗe shi ba kuka, kamar mai ba da labarin abin da aka riga aka gama. A nan na gane giɓin ba shi ne babban ciwon ba. Yarinyar ta yanke wa kanta hukunci, ta kuma yarda ta cancanta. Na ji tausayinta, na kuma ji tsoro, don na san wadda ta rayu da baki a rufe har tsufa.

Satin da ya biyo na nemi izinin mahaifinta na kai ta wurin likitar haƙori. Mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, mai yawan fara'a. Ta duba bakin, ta sa aka ɗauki hoton da ke nuna abin da ke cikin ƙashi, ta ɗora shi a gaban haske ta kira mu mu gani. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ga haƙoran da suka fito, ga kuma waɗanda ba su fito ba tukuna a kwance cikin ƙashi kamar gyaɗa a ƙasa, kowanne yana jiran lokacinsa. Ta sa bakin biro ta nuna wurare biyu. Babu komai a wurin.

"Malama," ta ce, "waɗannan ba makara suka yi ba. Ba a dasa su ba tun farko."

Na ce ban gane ba. Ta ajiye biron ta yi mana bayani a hankali, tana kallon yarinyar fiye da ni. Ta ce haƙori ba ranar da ya ɓullo yake farawa ba, tun mutum yana cikin uwarsa ake aza shi, wani lokacin ma uwar ba ta gama tabbatar da tana da ciki ba. Jikin mutum da 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani. A jikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan abubuwa kamar hannuwa, da su take riƙe 'yar uwarta, da su kuma take kama shimfiɗar da take zaune a kai. Riƙon ba don kar su watse kawai ba ne, ta nan suke jin juna, suna gane inda suke da abin da ya kamata su zama. A bakin ɗan tayi, fatar da ke sama takan yi kauri a wasu wurare ta nutsa cikin naman da ke ƙarƙashinta, ƙwayoyin naman kuma su taru su rungume ta. Ta haɗa yatsun hannayenta biyu ta sarƙe su don mu gani. Ta ce daga wannan rungumar ake samun irin haƙori, na yarinta da farko, na girma kuma ya tsiro daga gefensa ya kwanta yana jira. In aka samu wurin da riƙon bai kama ba, ko saƙon bai isa ba, to ba a aza komai a wurin. Ta saki yatsun.

Ni uwa ce, don haka tambayar da ta fara zuwa bakina ita ce ko wani abu na ci, ko wani abu na ƙi ci lokacin da nake da cikinta. Ta ce a'a, in cire wannan a raina. Ta ce masana har yanzu suna kan binciken yadda waɗannan ƙwayoyi ke riƙe juna da yadda suke magana, ba za ta iya nuna mini takamaiman abin da ya kuskure a bakin 'yata ba. Abin da ta sani shi ne ba baƙon abu ba ne, waɗannan haƙora biyu suna cikin waɗanda suka fi yin haka, kuma sau da yawa yana bin jini. In ƙashin bakinta ya gama girma za a iya cike wuraren. Sannan ta tambaya ko akwai mai irin wannan a danginmu.

Na ce babu.

"Kaka," in ji yarinyar. Ita ce kalmar farko da ta furta tun shigarmu.

Na ce ai na Kaka daban ne, saniya ce ta harbe ta. Likitar ta ce waɗanne haƙora ne? Na nuna a bakina, nan da nan. Sai ta ce cikin ladabi, "Malama, ban san saniyar ba. Amma kofaton da zai cire na dama ya cire na hagu ya tsallake biyun tsakiya, ban taɓa ganinsa ba."

Shekara arba'in da wani abu ina kallon bakin Inna, ni da nake koyar da yara su yi tambaya, ban taɓa lura ba.

Na ɗauka magana ta ƙare. A cikin adaidaita sahu muna komawa gida na ce mata, "To kin ji. Tun kafin a haife ki ne. Ƙadangaren nan ko kakansa ba a haifa ba lokacin." Ta kalli titi ta ce, "Likita ba ta san na nuna masa ba." Washegari na ga ɓarɓashin ƙosai a kan dutsen. Sai na gane ba likita ce ta ɗaura wannan kaya ba, ba kuwa ita za ta sauke shi ba. Ranar Asabar na ce ta shirya za mu Gwiwa. Ta ce cikinta. Na ce ta taho da cikin.

Mun isa bayan azahar, Inna na zaune a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa. Da ta ga yarinyar ta miƙe da sauri har gyaɗar ta zube, tana cewa, "Takwara, ashe kina duniya?" Yarinyar ta durƙusa daga nesa ta gaishe ta, hannu a baki. Na ga idon Inna ya sauka a kan hannun nan ya tsaya. Ta koma ta zauna.

Bayan mun sha ruwa na yi sallah, na ce, "Inna, magana na zo da ita, ki gafarce ni in na yi rashin kunya." Na faɗa mata duk abin da likita ta ce, iya yadda na riƙe. Na ce tun a ciki ake aza haƙori. Na sarƙe yatsuna kamar yadda likitar ta yi, na ce in nan da nan suka kama juna sai a samu, in ba su kama ba shi ke nan, ba ruwan abin da yaro zai yi bayan an haife shi. Na ce na ga hoton da idona, gurbin babu komai.

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Ku dai da bokonku. Mu abin da muka tarar ke nan."

Da wata rana ce da na yi shiru, don ban saba ja da ita ba. Amma na tuna ɓarɓashin ƙosan nan. Na ce, "Inna, yarinyar nan abincinta take kai wa ƙadangaru tana ba su haƙuri. Ta daina karatu da murya. Ta daina dariya. Ni na yi faɗa, likita ta yi bayani, ba ta ji. Maganarki ce a kunnenta." Na ce, "Kuma likitar ta tambaye ni wace irin saniya ce take tsallake haƙoran tsakiya."

Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Da ta yi magana, ba ni ta kalla ba.

"Babu saniya," ta ce.

Ta ce tana kamar shekarun Takwara, suna ruga, haƙorinta ya fita. 'Yan uwanta suka ce ba za ta iya nuna wa ƙadangare ba, ta ce za ta iya, ta nuna. Mahaifiyarta ta gani ta yi mata dūka. Aka jira, bai fito ba, ɗayan ma ya bi shi. Duk rugar aka san ta, yarinyar da ba ta jin magana, uwaye suna nuna ta ga 'ya'yansu in za su tsorata su. Da suka tashi daga wurin suka dawo kusa da Gwiwa inda ba a san su ba, mahaifiyarta ta ce daga yau saniya ce, don gara a ce tsautsayi da a ce rashin ji. "Na riƙe saniyar nan har na kusa yarda da ita," in ji Inna. "Amma ni na san abin da na yi. Ku duka na tsare ku. Ranar da na ga Takwara a gaban rumbun nan da yatsu a baki, wallahi kaina na gani. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba."

Yarinyar ta matso ba tare da an kira ta ba, ta zauna a bakin tabarmar.

Inna ta juyo gare ni. "Kin ce yana bin jini?"

Na ce haka likita ta ce, sau da yawa.

"To ke nan ni na ba ta." Idonta ya cika. "Na mare ta a kan abin da ni na ba ta."

Ban shirya wa wannan ba. Na zo in sauke kaya daga kan 'yata, ga shi ina ɗora wa uwata wani. Yarinyar ce ta ce, "Kaka, ke wa ya ba ki?"

Inna ta dube ta. Ta yi tunani da gaske, kamar mai lissafin dangi, sannan ta ce, "Allah dai."

"To ni ma Shi ne."

Inna ta sa hannu ta janye mayafin daga fuskarta gaba ɗaya, ta ajiye a cinya. Ta ɗage leɓenta da yatsu, yadda yarinyar ta yi a gaban rumbu, ta ce, "Duba nan, Takwara." Ranar na fara ganin bakin mahaifiyata sosai. Giɓi biyu, dasashi sumul, babu tabo, babu alamar wani abu ya taɓa karyewa a wurin, daidai da na 'yata kamar an auna. Ta ce, "Ba ke kika jawo ba. Na faɗa miki abin da aka faɗa mini ne, ban san ba haka ba ne. Ki yafe mini marin nan."

A gidanmu babba ba ya neman gafarar yaro. Yarinyar ta rasa yadda za ta yi, ta kalle ni, na kau da kai don hawaye. Sai na ji ta ce, "Kaka, naki ma ya fi nawa faɗi." Inna ta ce, "Ja'ira, ai na riga ki farawa." Dariyar ta ɓalle wa yarinyar, ta gaske, irin wadda ake jiyowa daga zaure, hannayenta duka biyu a kan tabarma. Inna ma ta dara, hannunta ya tashi zai nemi mayafi don sabo, ya tsaya a hanya, ya koma.

Ba zan ce komai ya gyaru a yini ɗaya ba. Yara ba su daina waƙarsu ba sai da suka gaji, ita ma wani lokacin hannun yakan koma baki. Amma ban sake ganin ƙosai a kan dutse ba, kuma da walimar ta zo ta yi karatunta a gaban jama'a, ina daga can baya ina jin kowane harafi. Ban yaba ta ba, 'yar fari ce. Na dai soya mata ƙwai da muka koma gida. Yanzu ta girma, an cike mata wuraren, wanda bai sani ba ba zai gane ba.

Inna ta rasu shekaru kaɗan bayan wannan zuwan, Allah Ya jiƙanta. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne rakiyar da ta yi mana washegarin ranar. Mun fito za mu hau babur zuwa tasha, yarinyar ta yi gaba da ƙullin gyaɗa a ka. Inna ta riƙo gefen hijabina ta tsayar da ni a zaure, ta rage murya.

"Likitar nan ta tabbata? Tun ina cikin uwata?"

Na ce, "Tun kina ciki, Inna."

Ta gyaɗa kai a hankali, tana kallon bangon zauren inda wani ƙadangare ke maƙale. Ta kai shekara saba'in a lokacin.

"Ashe da na yi ta dariyata," ta ce.

Sannan ta sake ni, ta ce mu yi sauri kar hadarin nan ya tare mu a hanya.